Jan Wando a Igiyar Teta Perina

Akwai wata magana da mutum uku kaɗai suka sani a duk garin Shibenik. Ni ce ta ukun, kuma ba gayyatata aka yi ba. Zan faɗa muku ita, amma ba yanzu ba. In na juye muku ita tashin farko za ku miƙe ku bar ni da kofi yana hucewa, kuma ba za ku ma san inda zafinta yake ba sai kun san Teta Perina.

Teta Perina, wato inna Perina a yarenmu, 'yar mitsitsiyar tsohuwa ce, in ta tsaya a taga haɓarta kaɗai ke leƙowa. Amma in ta ja tsaki daga can hawa na sama, tsuntsayen da ke kan rufin babbar majami'a sai sun tashi. Daga wani ɗan tsibiri aka auro ta, ta zo da akwati ɗaya da baki ɗaya, bakin ya fi akwatin nauyi. Mijinta Shime ma'aikacin jirgin ruwa ne, irin waɗanda ke ɓacewa rabin shekara su dawo da agogo da tari. Wata shekara jirgin ya dawo da gawarsa, zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar teku. Tun daga ranar Perina ta sa baƙaƙen kaya, yau shekara talatin da ɗoriya ba ta cire ba. Ta yi wankin zannuwan otal har yatsunta suka lanƙwashe, ta aurar da 'yarta can Zagreb, ta dawo ta zauna a tagarta.

Ba wai maza ba su gwada ba. Barba Yoso mai kifi, wato kawu Yoso, ya taɓa ƙara mata sardin biyu a kan awo, yana wani kashe ido. Ta zare biyun ta dire masa a kan teburi.

"Shime bai sake ni ba, Yoso. Mutuwa ya yi."

Abin da take da shi ke nan a duniya. Ba ta da gonar zaitun, ba ta da kwalekwale. Suna take da shi: matar Shime, wadda ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Ko ni da nake zaune a hawan da ke ƙarƙashin nata, na kasa kunne shekara da shekaru, ban samo komai ba sai ƙarar silifas.

To lungunmu kun san shi, in mai ƙiba biyu suka haɗu sai ɗaya ya koma da baya. Tagar Perina tana kallon tagar marigayiya Tonka, a tsakaninsu igiyar shanya, tiramola, mai 'yar taya a kowane bango, ka ja nan ta tafi can. Shime ne ya kafa ta. Igiya ɗaya, gida biyu, don haka tana da dokoki fiye da kotu. Kowa da ranarsa. Manyan zannuwa a gaba, sai riguna, sai ƙananan kaya, su kuma na ciki a ɓoye su bayan zani kada Allah ma ya gani. In ruwa ya sauko maƙwabciya ba ta nan, ke za ki jawo kayanta ki kwashe, ki goge, ki ninke. Ita kuma ba a aika mata, da ƙafarta za ta hawo, ta sha kofi, ta yi godiya, ta karɓa. A kan igiyar nan Perina da Tonka suka yi ta aika wa juna gishiri da tafarnuwa da gulma a cikin ɗan kwando, har tukunyar miyar kifi ta taɓa tsallaka lungun ba ta zube ba.

A kan igiyar nan kuma aka shanya tsummokaran kashin Kresho, ɗan Tonka tilo. Rabinsu Perina ce ta wanke.

Kresho ya girma ya zama jagoran baƙi masu yawon buɗe ido. Baki gare shi kamar rediyo, yana jin Jamusanci da Ingilishi da wani abu da yake rantsuwa Faransanci ne. Sauran jagorori laima suke ɗagawa kada baƙinsu su ɓace. Shi kuwa wando yake sawa ruwan ɗorawa, mai ihu, wanda matuƙan jirgi ke hangowa tun daga bakin mashigi. Dozin gare shi. Da uwarsa ta rasu ya yanka gidan ya mai da shi ɗakunan haya, ya bar wa kansa ɗakin sama mai tagar igiya, ya riƙa shanya wandunansa duk ranar da ya ga dama.

Bayan rasuwar Tonka ne wani abu ya bayyana a igiyar. Jan wandon ciki na ulu, har gwiwa, irin wanda tsofaffinmu ke sawa don sanyin ƙashi, mai faɗi kamar filafilan kwalekwale. Perina da ta yi shekaru tana ɓoye ko da safa, sai ga ta tana shanya shi a fili, a tsakiyar igiya cif. Mun yi mamaki, mun ce tsufa ne.

Kresho yana kai baƙinsa wajen kawunan dutse na jikin majami'a, ya haura da su ganuwar kan tudu har harshensu ya zazzago, sannan ya gangaro da su ta lungunmu. Ya lura da abu ɗaya. Dutse ya ishe su, kowane gari suka je dutse ake nuna musu. Amma da sun ɗaga kai sun ga shanya, sai wayoyi su tashi sama kamar an ga waliyyi. Sai ya riƙa tsayawa daidai ƙarƙashin igiyar, ya yi ta zuba, yana nuna jan wandon, su kuma su yi ta ƙyaƙyata. Perina ba ta jin ko kalma. Ta ɗauka tsaftar wankinta ake yabo. Bazara biyu cur tana leƙowa tana ɗaga musu hannu, har murmushi take yi, abin da ko 'yarta ba ta cika samu ba.

Ni ina jin Jamusanci, na yi aikin kai abinci a otal. Za ku ce me ya sa ban faɗa mata ba. Kai, ku ma dai. Wa zai kai hannu ramin kunama don an ce a gaishe ta.

Wata rana da hantsi sai ga wani tsohon Bajamushe, da gajeren wando da safa har ƙwauri, yana hawa benenmu yana nishi, furanni a hannu. Ya ƙwanƙwasa ƙofarta. Na biyo bayansa don taimako kawai.

"Zorka, me wannan jan biri yake so?" in ji Perina.

"Gaisuwa ya kawo, Teta."

"Gaisuwa da fure? Wa ya mutu? Tambaye shi."

Na tambaye shi. Ya yi bayani yana sunkuyar da kai, ni kuma na fassara. Ban rage komai ba, mai yiwuwa ma na ɗan ƙara gishiri. Wai jagoransu ya ce tun zamanin da, matan ma'aikatan jirgi da shanya suke aika saƙo. In aka ga ja a igiya, to maigida yana teku, ƙofa a buɗe take. Wai wannan tsohuwar ta sama ita ce ta ƙarshe da ke riƙe da al'adar, har yau ba ta gaji ba, rabin matuƙan jirgin yankin nan sun san yawan matakalar benenta. Shi kuma matarsa ta rasu, ya ga ja, ya ce bari ya gwada sa'arsa.

Na jira tsakin da zai fasa gilashi. Bai zo ba. Perina ta karɓi furannin, ta ce in yi masa godiya, ta rufe ƙofa a hankali. Nan na san magana ba ta ƙare ba.

Da yamma ta ɗaura baƙin kallabinta ta gangara bakin ruwa, inda ba ta taka ba tun da aka cika shi da rumfunan tsaraba. Ga jan wandon nan a katin hoto. Ga shi a maganaɗisun da ake manna wa firji, ga shi a jikin kofi, yuro biyar. A wani katin ma har da ita kanta a taga, hannu a sama, tana murmushi. Ta tsaya ta kalla har mai rumfar ya fara gumi. Ba ta sayi ko ɗaya ba. Washegari ta tafi maƙabarta ta daɗe a wajen Shime, ba na jin addu'a kaɗai ta yi.

Ni na ɗauka za ta daina shanya wandon. Ina. Ranarta na zagayowa ta maƙala shi a tsakiya kamar kullum. Kresho ya zo wucewa da garkensa.

"Teta Perina, yaya gwiwa?"

"Da sauƙi, ɗana. Yaya kasuwa?"

"Sai godiya, Teta. Ɗaga musu hannu mana."

Ta ɗaga. Na rantse da kabarin uwata har haƙoranta na gani, duka huɗun.

Kaka ta shigo, iskar kudu ta kawo ruwa. Wata rana Kresho ya fita ya bar wando ɗaya ruwan ɗorawa a igiya, sama ta tsage. Perina ta yi abin da doka ta ce: ta ja igiya, ta kwashe, ta goge, ta ninke. Bayan kwana biyu ya leƙo.

"Teta, ba ki ga wandona ba?"

"Yana nan a goge. Hawo ka sha kofi ka karɓa, yadda uwarka take yi."

"Ki ɗan maƙalo min a igiya mana, Teta."

"Ba a aikawa. Ka sani."

"To gobe."

Goben nan ba ta zo ba. Mutumin da ke haura da Jamusawa ganuwa sau uku a yini ya kasa hawa bene ɗaya don shan kofin tsohuwa. Yana da wasu goma sha ɗaya, ya manta. Ita ba ta manta ba. Duk sanyin nan ina jin ƙarar dutsen guga a saman kaina kowace Asabar. Wando ɗaya take gogewa, har karinsa ya kai ya yanka burodi.

Da azumin coci ya wuce sai ta sauko wurina da kwanon soyayyun fritule, 'yan ƙananan fanken nan namu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Zorka, kin iya yaren nan nasu. Jimla ɗaya nake so."

"Wace iri, Teta?"

Ta faɗa min. Na ƙware da fritule.

"Teta, sunanki fa."

"Sunana yana kan firjin Jamusawa. Kresho ya ja ni cikin taɓo, to zan riƙe ƙafarsa mu shiga tare. Ni na saba wanki, zan fita. Ci ki koya min."

Ta kuma sa na maimaita mata tatsuniyar Kresho kaf, yadda yake faɗa yanzu, don ƙarya girma take yi kamar kabewa. Ashe ya yi mata sabon wutsiya. In ya gama batun ja, sai ya rage murya ya ce: ranar da kuka ga wandon namiji a gefen jan, to mutumin yana ciki, ba shi da abin sawa ya fito. Nan ne baƙi suka fi dariya, shi kuma hankalinsa kwance, don igiyar Perina ba ta ga wandon namiji a ranarta ba tun zamanin Shime. Da na faɗa mata wannan, ta lumshe ido kamar wadda aka sa wa zuma a baki.

Ta jira babban jirgin 'yan yawon buɗe ido na farko a bazara. Ban gaya wa kowa ba, sai Barba Yoso, da mai burodi, da matan da muke jiran bas tare. Ban san yadda aka yi ba, da hantsin ranar duk tagogin lungun a buɗe suke, kowace da kawuna uku. Mai aski ya bar mutum da kumfa a fuska. Har limamin cocinmu ya tuna yana da wani aiki ta nan.

Sai ga Kresho, wando ruwan ɗorawa, mutum wajen arba'in a bayansa. Kun san yadda jagorori ke tafiya, da baya da baya, fuska ga baƙi. Ya faɗi labarin nan sau dubu, ba ya ko ɗaga kai. Ya tsaya a inda ya saba, ya miƙa hannu sama, ya fara: matan jirgi, maigida a teku, ja, ƙofa a buɗe. Baƙin suka ɗaga kai. Suka sauke suka kalli ƙafafunsa. Suka sake ɗagawa. Shi kuwa ya ɗauka daɗin bakinsa ne ya kama su, ya rage murya ya kawo wutsiyar: ranar da kuka ga wandon namiji a gefen jan...

Wata ƙatuwar mata ta fashe da dariya har ta dafa bango. Sai sauran suka bi. Kresho ya waiwaya sama. Ga jan wando, ga nasa a manne da shi, maƙali ɗaya ya haɗa ƙugunsu, iska tana kaɗa su ƙafa a kan ƙafa.

Taga ta buɗe. Teta Perina, ba kallabi, farin gashi a sake har kafaɗa, abin da ko ni ban taɓa gani ba. Ta jingina, ta karya wuya, ta faɗi jimlarta da Jamusanci tsaf kamar a can aka haife ta:

"Masoyi, ka manta wandonka."

Sannan ta maimaita da yarenmu, don na tagogi kada a bar su a baya.

Lungun ya ɗauka. An ce an ji dariyar a tsibirin da aka auro ta. Wayoyi arba'in suka juya kan Kresho, wanda fuskarsa ta koma kalar wandon sama, ba nasa ba, ɗayan. Ya buɗe baki a harshe uku, babu wanda ya fito.

Kafin azahar labari ya gama gari. Babu wanda ya yarda, mana, wa zai yarda, shi ya sa ma abin ya yi daɗi. Ya shiga kasuwar kifi, Barba Yoso ya cire hula.

"Ango ka sha ƙamshi. Ni sardin biyu na bayar aka koro ni, kai me ka kai?"

"Barba, don Allah."

"A'a, koya mana. Wandon ne sirrin? A ina ake sayarwa?"

Yara suka riƙa bin sa suna kiran masoyi. Sauran jagorori masu laima suka fara kawo nasu baƙin lungun, suna nuna tagarsa. Perina kuwa kullum ranarta ta zo sai ta maƙala wanduna biyun tare, ta zauna da kofinta. Ya leƙo ta taga ya roƙe ta, ya yi barazanar yanke igiya. Ta ce Shime ne ya kafa, ya yanke ya gani. Bai yi mako biyu ba ya koma sa baƙin wando, baƙinsa suka riƙa ɓacewa a kasuwa.

Ranar wata Laraba da la'asar na ji takun namiji a benenmu. Kresho ne, ya wuce ƙofata, ya hau. To ina da wata tukunyar fure a saman matakala, daidai ƙofar Perina, wadda ke bukatar ruwa a irin wannan lokacin. Ga maganar da na yi muku alkawari.

Na ji ta ɗora kofi. Da ya tafasa ta zuba masa.

"Sha."

"Teta, kin kashe ni a garin nan."

"Ka mutu kana shan kofi? Sha."

"Wasa ne fa. Baƙi labari suke so, in ba ka ba su ba su tafi garin Split. Ba wanda ya san ki a cikinsu."

"Shime ya san ni."

 Sai na ji ta ja aljihun kabad, ta ajiye wani abu mai taushi a teburi.

"Ɗauki. Juya shi. Ka ga facin nan shuɗi a gwiwa? Ka gane shi?"

"A'a."

"Rigar sanyinka ce ta makaranta, wadda ka yage a kan ganuwa. Uwarka ta warware ta ta yi faci. Wandon Tonka ne, Kresho. Da hannunta ta saƙa. Satin da za ta tafi asibiti ta aiko min shi a kwando, ta ce ulu mai kyau ne kada ya lalace, in sa. Ni ban taɓa sawa ba, mutum biyu irina za su shige ciki. Wankewa nake yi in kai shi tsakiya, rabi wajena rabi wajenta, don in buɗe taga in ga kamar tana nan. Shi ka manna a kofi. Wandon uwarka kake nuna wa duniya kana cewa ƙofa a buɗe take."

 Sai can na ji kujera ta yi ƙara, sannan wani sauti kamar mutum ya toshe baki da hannu.

"Da na so, da wannan na faɗa ta taga," in ji ta. "Da Jamusanci ma. Ba don kai na fasa ba, don ita ne. Yi kukanka, ga tawul, ba yau na fara share maka hanci ba."

Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta jero masa sharuɗɗa kamar mai karanta hukunci. Zai bi rumfunan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya ya kwashe katunan da kofunan. Zai ci gaba da kawo baƙinsa ƙarƙashin igiyar, ya gaya musu wannan tagar matar Shime ce, wadda ta jira mijinta yana raye, take kuma jiransa yana mace. Zai faɗa da kowane yare, har da Faransancin ƙaryar. Ranar Lahadi zai raka ta maƙabarta ya yi bayani da bakinsa, kabari biyu.

"Na yarda, Teta. Wandona fa?"

"Sai ƙarshen bazara. In na ji labarin ya karkace ko da kalma ɗaya, ya koma igiya."

"Ta yaya za ki sani? Ba kya jin yaren."

"Ina da mai ji."

Ban ji takunta ba, silifas ɗin nan da na shekara talatin ina ji, ranar ta cire su. Ƙofar ta buɗe ciki, kunnena ya bi ta, ni ma na bi kunnena, na zube a gabanta da gwiwa biyu, butar ban ruwa a hannu ba ko ɗigo a ciki. Kresho yana zaune da jan wando a cinya, ido jawur. Teta Perina ta dube ni daga sama, karo na farko a rayuwarta da ta fi wani tsawo.

"Zorka, furen nan na roba ne," ta ce. "Kin ji duka, ko in maimaita miki inda ya wuce ki?"